Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Gombe: A Ware Kuɗin Tiyatar Hana Karnuka da Kyanwoyi Haihuwa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, da Mai Girma Kakakin Majalisar Dokoki tare da kwamitocin noma, lafiya da kasafin kuɗi, da shugabannin ƙananan hukumomi 11 na jihar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah ya taya ku riƙo, mu da muka rubuto wannan wasiƙa likitocin dabbobi ne da malaman dabbobi da ke aiki a Gombe, Kumo, Bajoga da Kaltungo, wasunmu a aikin gwamnati, wasu masu zaman kansu. Muna magana da yawun mafarauta, da makiyayan da kare ke tsare musu garke, da masu gadi, da matan gida da ke ajiye kyanwa saboda ɓera, da kuma iyayen yaran da ke bi ta gefen juji da asuba za su makaranta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne an shiga lokacin tsara kasafin kuɗi, kuma har yau talaka ba shi da wurin da zai kai karyarsa a yi mata tiyatar hana haihuwa a kuɗin da aljihunsa zai ɗauka. Mun san wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa ke ta kare? Ku yi mana haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta lafiyar yara ce kafin ta zama ta karnuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 da ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk mace-macen daga cizon kare ne. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa da fizge-fizge, magani ya ƙare. Tun 2015 hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da ake so a daina mutuwa ta wannan hanya, kuma lokacin ya ƙarato.

Kokenmu na farko shi ne ana barin tushen matsalar ana fama da reshe. Karya tana fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa 12. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, tana iya neman namiji sau biyu a shekara, kuma a haihuwa ɗaya takan zubo 'ya'ya 4 zuwa 7. Mai gida ya zaɓi namiji ɗaya ya riƙe, ya ba aboki ɗaya, sauran, musamman matan, a zuba su a kwali a kai bakin kwari ko bayan kwata da daddare. Da yawansu ba sa kai shekara, gudawar jini da tsutsar ciki da mota suna gamawa da su. Waɗanda suka tsira su ne ke tashi ba su san hannun mutum ba, ba mai iya kama su a yi musu allura, kuma kafin shekara ta zagayo su ma sun fara haihuwa. Mafi yawan karnukan da ake kira na titi suna da gidan da suke kwana, ko kuwa uwarsu tana da shi. Ke nan a cikin gidaje ake samar da su, kuma a nan ya kamata a tare su.

Na biyu shi ne dogaro da kisa. An saba idan kare ya ciji yaro a unguwa, sai matasa su fito da sanduna, ko a zuba guba a nama a watsa a juji. Mun fahimci fushin, amma ga abin da ke biyo baya. Karen da ke saurin cin naman guba shi ne wanda ya saba da mutane, wato irin wanda aka fi samun damar yi wa rigakafi. Mai tsoron mutane, wanda ba a taɓa yi wa allura ba, shi ke tsira. Abincin juji da tarkacen kwata kuwa suna nan yadda suke, don haka 'yan kwikwiyon da a da yunwa za ta kashe sai su rayu, karnukan maƙwabtan unguwanni su shigo su cike gurbi, ana ta faɗan neman wuri, cizo ya ƙaru a tsakaninsu. Masu karnuka kuma da sun ji ana kisa sai su tura nasu ƙauye, wani yana ɗauke da cutar ba a sani ba, tunda takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta nuna. Mushen da guba ta kashe ungulu na ci ta mutu, kaji na tsattsaga, yara na wasa a wurin. Kamar noman da aka sare ciyawa ta sama aka bar saiwa ne a tsakiyar damina. A tsibirin Flores na ƙasar Indunusiya, bayan cutar ta shiga a 1997, an kashe karnuka kusan 300,000 cikin 'yan shekaru, kuma cutar ba ta fita ba. Akwai wata asarar ma: karen da ya yi cizo idan aka tsare shi kwana 10 yana lafiya, an san bai ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon ba. Idan kuma ya mutu ko dole aka kashe shi, kansa ake sa wa a ƙanƙara a kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a gwada. Wanda aka farfasa wa kai aka jefa kwari ba ya ba da amsar komai.

Na uku, tsada. Kusan duk abin da tiyatar ke ci daga waje ake shigo da shi: allurar sa barci, maganin kashe zafi, zaren ɗinki mai narkewa, safar hannu, ruwan ƙari. Farashinsu na bin dala. Likita mai zaman kansa ba zai yi aikin ƙasa da kuɗin kayan ba, mafarauci mai karnuka 6 kuma ba zai sayar da buhun masara don karya ɗaya ba. To sai mutane su koma dabarun gida, mu kuma mu riƙa karɓar sakamakon. Wasu suna ɗaure wa kare maraina da zoben roba irin na raguna. Fatar wurin a jikin kare ba ta da siririn wuya kamar ta rago, jini ba ya yankewa gaba ɗaya, sai wurin ya kumbura ya ruɓe, karen ya yi ta gatsa har ya yage, tsutsa ta shiga. Wasu suna fiɗiya da reza ba tare da ɗaure jijiya ba, jijiyar ta zame ta koma ciki tana zubar da jini inda ido ba ya gani. Mafi yawa yanzu shi ne sayen allurar tsarin iyali ta mata a kemis a yi wa karya. Tana iya hana barbara na ɗan lokaci, amma tana kaurara bangon mahaifa, bayan wasu watanni mahaifar ta cika da mugunya. Za ka ga karya ta daina ci, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari na fita ta bayanta. A nan ba abin da zai cece ta sai tiyatar gaggawa, wadda ta fi ta farkon tsada da hatsari nesa ba kusa ba.

Muna so masu yanke hukunci su san ainihin abin da za su biya wa kuɗi, don kada a kawo musu lissafin da aka zaftare muhimman abubuwa. Kafin a taɓa dabba ana duba dasashinta da zafin jikinta. Dasashi fari alamar ƙarancin jini ne, kuma a nan yankin kaska ce kan gaba wajen jawo shi. Akwai cutar kaska da ke hana jini daskarewa, wadda idan aka yanka kare mai ita jinin ba ya tsayawa. Irin wannan sai an yi masa magani na makonni tukuna. Babbar karya tana kwana ba ci, awa 8 zuwa 12, don kada ta yi amai cikin barci ya shiga huhu. 'Yan ƙanana ba a barin su da yunwa haka, sukarin jininsu na faɗuwa. Ana auna nauyi a sikeli, ba da ido ba, saboda da kilo ake lissafin magungunan sa barci, zailazin da ketamin. A aske ciki, a wanke da aidin, a yanka tsakiya ƙasa da cibiya. A zaro ma'ajiyar ƙwai ta kowane gefe, a ɗaure jijiyarta sau biyu da zare mai narkewa kafin a yanke, sannan a ɗaure mahaifa kusa da bakinta a cire. Rufewa hawa uku ne: farar tantanin tsakiyar ciki, wadda ita ce ke riƙe hanji, sai ƙarƙashin fata, sai fata. Ga karen da ba mai dawo da shi, a ɓoye ɗinkin cikin fata yadda ba sai an warware ba. Hannun da ya ƙware yana gama mace cikin minti 30 zuwa 45, namiji cikin kwata ɗin awa, muzuru kuwa 'yan mintuna. Kafin dabbar ta farfaɗo a yi mata maganin kashe zafi da rigakafin hauka, a ɗan tsaga gefen kunne a matsayin shaida, don kada gobe a sake kama ta a buɗe cikin da ba komai.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Ƙulli ya zame, dabba ta mutu cikin dare da ciki cike da jini. A bar guntun ma'ajiyar ƙwai, galibi ta dama domin ta fi nisa a can sama kusa da ƙoda, karya ta ci gaba da tara maza a ƙofar gida ko da ba za ta ɗauki ciki ba, mai ita ya ce an ci kuɗinsa a banza, ya kuma gaya wa duk unguwa. A yi wa wadda ke tsakiyar barbara, lokacin da jijiyoyi suka cika suka yi taushi, alhali jiran wata 2 zuwa 3 ya fi. A yi amfani da almakashi da matsen jijiya ɗaya a kan dabbobi biyar, ana tsoma su a ruwan magani tsakani, ciwo ya yi ruwa. Kowace dabba da nata ƙunshin kayan, wanda aka turara a digiri 121 na aƙalla minti 15 zuwa 20. Inda ba wuta, babbar tukunya mai matse tururi a kan gas tana yin aikin. Yanayi ma yana da nasa: da hunturu dabbar da ke cikin barci jikinta na yin sanyi ƙwarai, sai an lulluɓe ta, a watan Maris da Afrilu keji a rana yana iya kashe ta kafin a zo kanta, da damina ƙuda ne, ya yi ƙwai a bakin ɗinki, kwana biyu tsutsa ta fito. Shi ya sa ba ma goyon bayan a ba ɗan kwangila aikin a ce ya yi ɗari biyar cikin mako a kira 'yan jarida. Gawa goma a unguwa ɗaya ta isa ta sa ba mai sake kawo dabbarsa.

Na huɗu ya shafi rigakafi. Muna yaba allurar da ake yi a kewayen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya. Sai dai ƙa'idar ita ce a samu kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, a kuma maimaita duk shekara. Inda karnuka ke mutuwa da wuri ana haifar sababbi, adadin da aka samu a Satumba yana zubewa kafin wata Satumbar. Kada a fahimce mu a karkace: allura ce ke kashe cutar, tiyata ba ta maye gurbinta, kuma idan kuɗi ɗaya ne tak a hannu, a sayi allura. Aikin tiyata shi ne ta rage sababbin da ke shigowa ba rigakafi, ta rage yawon maza a bayan mace da faɗan da ke tare da shi, ta rage cizon karya mai jego da ke kare 'ya'yanta, ta kuma tare wannan ƙarin mai zubar da jini da karnuka ke ɗauka a al'aura wajen barbara, wanda ya yi yawa a karnukanmu masu yawo. A birnin Jaipur na Indiya an haɗa biyun tun 1994. Zuwa 2002 an yi wa kusan kashi 65 na matan tiyata da allura, yawan karnuka ya ragu da kashi 28, kuma an daina samun mutanen da suka kamu a yankin da shirin ya shafa. Shekara 8 ke nan, ba wata 8 ba, kuma gara a faɗa muku wannan tun yanzu.

Za a iya kawo muku shawarar gina gidan tara karnuka. Muna roƙon ku yi hattara. Ginin shi ne mai sauƙi. Ciyarwa kullum, da ruwa, da ma'aikata, da cutar da ke bazuwa idan aka cunkusa dabbobi, su ne ba sa ƙarewa, kuma a nan ba a saba zuwa a ɗauki babban kare a kai gida ba. Ko a Amurka, inda ake da wannan al'ada, gidajen sun yi ta cika ana kashe miliyoyi duk shekara, har sai da aka koma ga rage haihuwa. Jihar New Hampshire ta fara shiri a 1994, ta ƙara dala 2 a kan kuɗin lasisin kare, ta riƙa biyan mafi yawan kuɗin tiyata ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma adadin da ake kashewa a gidajen ya faɗi ƙwarai.

Kyanwa ba ta tayar da hankali kamar kare, amma ta fi shi saurin yaɗuwa: tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, ta haihu sau 2 ko 3 a shekara, kuma ita ma tana ɗaukar cutar. A sa ta cikin shirin.

Ga abin da muke nema.

Na ɗaya, a buɗe gurbi na musamman a kasafin kuɗi mai suna a fili, na rigakafin haukan kare da tiyatar hana haihuwa, a ɗaure shi na aƙalla shekara 5, kada a cusa shi cikin kuɗin rigakafin shanu inda zai narke.

Na biyu, a kafa tawaga uku, ɗaya a kowace mazaɓar sanata, kowace da likita mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, da malaman dabbobi 2, da masu kamu 2 da raga, ba da igiyar shaƙe wuya ba. Lissafinmu shi ne tawaga ta yi dabba 8 a rana, kwana 4 a mako, mako 45 a shekara, wato 1,440. Tawaga uku 4,320. Wannan yana buƙatar ƙunshin kayan tiyata 10 ga kowace tawaga, da tukunyar turara kaya, da sikeli, da firji mai aiki da hasken rana da zai riƙe allura tsakanin digiri 2 da 8, da akwatin kulle magungunan barci tare da littafin shiga da fita, domin ketamin na cikin abin da ake sata. Tunda karen da ba shi da mai jinya sai ya kwana 4 a hannu kafin a sake shi, kowace tawaga tana buƙatar keji kusan 32 a inuwa. A mayar da kowane inda aka kamo shi, ba bayan gari ba. A fi ba mata fifiko, domin namiji ɗaya da ya kuɓuta ya isa ya yi wa matan unguwa duka barbara. Duk wanda zai taɓa karnukan nan a yi masa rigakafin kansa kafin ya fara aiki.

Na uku, farashi. Allurar rigakafi ta zama kyauta ga kowa. A Injamena ta ƙasar Chadi, da aka yi ta kyauta a 2002 an samu sama da kashi 60 na karnukan unguwannin da aka gwada. Da aka ce masu su su biya wani abu a 2006, sai adadin ya faɗo kusan kashi 24. Tiyata kuma ta zama kyauta ga karnukan da ba mai su da kuma gidajen da mai unguwa ya shaida ba su da hali, mafarauta da makiyaya su biya ɗan abin da bai wuce kuɗin kaza ba, masu karnukan waje da kamfanonin gadi su biya cikakke. Kuɗin da aka karɓa, da na rajistar karnuka idan an farfaɗo da ita, su shiga asusu na daban da ba a taɓawa sai don sayen kayan aiki. Asibitoci masu zaman kansu su shiga ta hanyar takardar tallafi, a biya su bayan an ga dabbar da tsagar kunnenta.

Na huɗu, a ƙirga kafin a fara, a kuma ƙirga duk shekara. Hanyar ba ta da tsada: ranar allura a shafa wa kowane kare fenti a baya, washegari da sassafe a bi layi-layi ana rubuta masu fenti da marasa shi. A fara da 'yan mazaɓu cikin 114, a gama su sarai, maimakon a yayyafa ko'ina. Duk wata uku a wallafa nawa aka yi, nawa suka mutu, nawa ciwonsu ya yi ruwa.

Na biyar, a hana zuba guba, a sa hukumar tsabtace muhalli da Sarkin Fawa su tabbatar ana binne ko ƙone tarkacen kwata, a kuma ajiye allurar cizon kare ta mutane a manyan asibitoci. A riƙa sanarwa a rediyo cewa wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya sa toka ko gashin karen.

Na ƙarshe, a zauna da malamai da limaman coci da sarakuna kafin a kama kare ko ɗaya. Mu ba masu fatawa ba ne. Mun san shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ta kuma hana azabtar da dabba, kuma akwai maganganun malamai a kan fiɗiya. A kai musu bayanin yadda ake aikin cikin barci ba tare da dabba ta ji wuƙa ba, da cutar da ake son tarewa, su faɗi hukunci da bakinsu. Sarkin Baka da arɗo-arɗo su ne za su kawar da tsoron da mafarauta ke yi cewa karen da aka yi wa tiyata ba ya gudu. Ƙiba ce ke rage gudu, ita kuma daga yawan ci take, ana maganinta da rage tuwo.

Muna roƙon kwamitin noma da na lafiya su kira mu zaman haɗin gwiwa kafin a rufe sauraron kasafi. Za mu zo da jerin kayan aiki ɗaya bayan ɗaya da farashin dillalai uku, da sunayen likitocin da suka yarda su ba da kwana ɗaya a mako don horar da tawagogin. Idan kuɗin ya fita a kan kari, watannin Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙuda ya yi sauƙi, su ne lokacin farawa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna da 'yan majalisa lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wasu likitoci da malaman dabbobi na Jihar Gombe